Gobara, Ambaliya Da Cuta: Abin Da Kasuwar Litinin Ta Maiduguri Ke Jira Daga Masana

Duk wanda ya san Maiduguri ya san Kasuwar Litinin. Ko da yake sunan Litinin ta ci, kullum ci take yi, kuma ita ce babbar kasuwar birnin. Daga nan fatake ke lodin kaya su nufi Gamboru da Banki da Damasak, har su tsallaka Kamaru da Chadi da Nijar. Idan ta tsaya kwana guda, gidaje dubbai ne ba za a ɗora tukunya ba.

A cikin kimanin shekara ɗaya da rabi kasuwar nan ta gamu da masifu biyu waɗanda ba su jituwa da juna. Da tsakar daren ran 26 ga watan Fabrairu 2023, washegarin zaɓen shugaban ƙasa, wuta ta tashi a cikinta ta cinye rumfuna da kantuna masu ɗimbin yawa. Gwamnatin Jihar Borno ta sake gina ta. 'Yan kasuwa ba su gama farfaɗowa ba, sai ran 10 ga watan Satumba 2024 madatsar ruwa ta Alau ta ɓalle, ruwa ya malalo cikin gari ya shanye kasuwar.

To, a daidai waɗannan shekaru ne kuma ake ta jin labarin abubuwan al'ajabi da masana ilmin kimiyya da likitoci da injiniyoyi ke fitowa da su a duniya. Don haka ya kamata mai karatu ya tambaya: cikin wannan ci gaba duka, me ya iso bakin rumfar mai sayar da wake a Kasuwar Litinin, me kuma ya rage?

WUTA

Bari mu fara da wuta, wadda ke haskaka kasuwa, ita ce kuma ke cinye ta. A watan Janairu 2021 'yan ta'adda suka karya turakun babban layin da ke kawo wutar lantarki daga Damaturu. Ma'aikata suka sha wahala suka gyara a watan Maris, ba a yi mako guda ba aka sake fasa turakun. Birni mai mutane fiye da miliyan ya yi watanni cikin duhu. Teloli da masu walda da masu sayar da ƙanƙara suka koma ga janareta, wanda bai da hali ya rufe shago.

Wannan ne ya sa kamfanin mai na ƙasa, watau NNPC, ya gina wa Maiduguri tashar wuta tata ta kanta mai aiki da iskar gas, mai ƙarfin megawat 50, wadda Shugaba Muhammadu Buhari ya buɗe a farkon watan Maris 2023, kwanaki kaɗan bayan gobarar kasuwar. Amma babban canjin da talaka ya gani da idonsa daga rana ya zo. Tsakanin 2010 da 2020 kuɗin farantan da ke mai da hasken rana wutar lantarki ya faɗi da kusan kashi 90 cikin 100 a duniya, kuɗin batir na zamani ma haka. Shi ya sa mai cajin waya da mai kemis suka iya ɗora faranti bisa rufin kwano. Har wani matashi ɗan garin, Mustapha Gajibo, ya yi suna da cire injin fetur daga ƙananan motocin haya yana sa musu batir da injin lantarki, dabarar da mutane suka ƙara ganin amfaninta bayan da aka janye tallafin mai a watan Mayu 2023.

Sai dai fa aikin bai ƙare ba. Zafin Maiduguri na watan Afrilu, wanda kan wuce digiri 40, yana rage ƙarfin faranti yana kuma gajarta ran batir, ƙurar hunturu kuma tana lulluɓe farantin har ya kasa shan rana. Tsohon batir irin na mota cike yake da dalma, kuma kowa ya tuna yadda gubar dalma ta hallaka yara fiye da 400 a ƙauyukan masu haƙar zinariya a Zamfara a 2010, ya san ba abin da za a fasa a bayan kasuwa ba ne.

Game da gobara kuwa, ilmin kiyaye ta tsoho ne, ba wani sabon bincike ake jira ba. Waya mai kauri daidai da nauyin da za ta ɗauka, na'urar da ke yanke wuta da zarar ta yi yawa, bango mai hana wuta tsallakawa daga layi zuwa layi, hanya mai faɗi da motar 'yan kwana-kwana za ta bi, da tankin ruwa a cikin kasuwa. Kasuwar Sabon Gari ta Kano ta ƙone a 2016, manyan kasuwannin Sakkwato da Katsina suka biyo baya a 2021. Hausawa dai sun ce in ka ga gemun ɗan'uwanka ya kama wuta, shafa wa naka ruwa.

RUWA

An gina madatsar Alau tsakanin 1984 da 1986 a kan kogin Ngadda, kimanin kilomita 20 daga Maiduguri, domin ta ba birnin ruwan sha, ta kuma taimaki manoman shinkafa na fadamar Jere. An shirya ta ta riƙe ruwa mita miliyan 112 a awon cuku. Ta taɓa ɓallewa a 1994, ta sake a 2024, shekara 30 cif. A karo na biyu ruwa ya shiga fadar Shehun Borno da Gwange da Asibitin Koyarwa na Jami'ar Maiduguri, inda ya lalata injuna masu tsadar gaske. Dabbobi da yawa na gidan zoo na Sanda Kyarimi suka mutu, ruwa ya kwashi kadoji da macizai ya kai cikin unguwanni. Mutane wajen 400,000 suka bar gidajensu. A watan Oktoba kuma hukuma ta ba da sanarwar ɓarkewar cutar amai da gudawa, wadda ita ce ke bin sawun ambaliya duk inda rijiya da masai suka haɗu.

Me masana suka gano? Sun daɗe da sanin cewa duk lokacin da zafin iska ya ƙaru da digiri ɗaya, takan ƙara ɗaukar tururin ruwa da kimanin kashi 7 cikin 100. Watau duniya tana ƙara ɗumi, hadari yana ƙara nauyi, ruwan da a da zai sauka cikin mako sai ya sauka cikin dare ɗaya. Wasu masana yanayi na ƙasashe dabam-dabam da suka yi nazarin daminar 2024 sun ƙiyasta cewa ɗumamar duniya ta ƙara wa ruwan da aka yi a yankin Tafkin Chadi da na kogin Kwara ƙarfi da kashi 5 zuwa 20 cikin 100. Ma'anar wannan ga injiniya a fili take. Madatsar da aka auna da lissafin ruwan shekarun fari na 1970 da 1980 tana bukatar a sake auna ta, balle ga laka da yashi da ke taruwa a cikinta kowace shekara suna rage mata ciki.

Wajen hasashen yanayi an ci gaba ƙwarai. Tun daga 2023 akwai kwamfutoci masu ƙirƙirarriyar basira da ke fitar da hasashen kwana 10 na duniya baki ɗaya cikin ƙasa da minti guda. Amma irin wannan na'ura da abin da aka ba ta take aiki, kuma Afirka ce nahiyar da ta fi kowace ƙarancin tashoshin awon ruwan sama da iska. Bugu da ƙari, hasashen da ya tsaya a ofis bai ceci kowa ba. Sai ya isa kunnen mai shago cikin Kanuri da Hausa da Larabcin Shuwa, tun yana da sauran lokacin kwashe kayansa. A 2025 Gwamnatin Tarayya ta amince da kashe Naira biliyan 80 don sake gina madatsar. Ginawa abu ne mai kyau, amma wanda zai riƙa duba jikin madatsar kowane wata, yana auna ruwan da ke tsattsafowa ta ƙarƙashinta, shi ne zai hana a sake a karo na uku.

WAKE DA BANDA

Nijeriya ce ta fi kowace ƙasa noman wake a duniya, kuma waken Borno ya yi suna har Ikko. Abokan gabansa biyu ne: tsutsar da ke huda kwanso a gona, da ƙwaron da ke mai da shi gari a cikin buhu. Don tsoron na biyun ne wasu masu ajiya ke barbaɗa masa fiya-fiya da makamantansa. Abin ya kai har ƙasashen Tarayyar Turai suka hana shigar da busasshen waken Nijeriya a 2015 saboda yawan gubar da suka auna a cikinsa, suka kuma tsawaita hanin a 2016. Waken da Bature ya ƙi kuwa, mu ne muke dafa shi mu ba 'ya'yanmu.

Alhali kuwa akwai magani mai sauƙi. Masanan Jami'ar Purdue ta Amurka, tare da takwarorinsu na Marwa a arewacin Kamaru, sun fito da buhu mai leda biyu masu kauri a ciki, wanda aka fara yaɗawa a 2007 da sunan PICS. Idan aka zuba busasshen wake aka ɗaure kowace leda tam, ƙwarin da ke ciki sukan shaƙe 'yar iskar da ta rage su mutu, ba tare da an sa ko ɗigon magani ba. Game da tsutsar gona, wadda kan iya cinye har kashi 80 cikin 100 na amfani a mugunyar shekara, Cibiyar Binciken Aikin Gona ta Samaru a Zariya ta fitar da irin wake mai suna SAMPEA 20-T a watan Disamba 2019, ƙarƙashin jagorancin Farfesa Mohammad Ishiyaku. An dasa masa wata ƙwayar halitta da ke kashe tsutsar, har manomin da kan yi feshi sau 6 ko 8 zai iya tsayawa a sau 2. Akwai masu ɗari-ɗari da irin da aka taɓa wa halitta, kuma hakkinsu ne a yi musu bayani dalla-dalla. Masanan su kansu sun san cewa ƙwaro kan saba da abin da ke kashe shi in an daɗe, saboda haka binciken ba mai tsayawa ba ne.

Banda kuma, wadda ake lodinta daga Maiduguri zuwa kudu, tana kai mu ga Tafkin Chadi. A 1963 faɗinsa ya kai murabba'in kilomita 25,000. Fari na shekarun 1970 da 1980 ya janye shi har ya rage kimanin kashi ɗaya cikin goma, ya bar babban shirin noman rani na Marte, wanda aka kashe wa maƙudan kuɗi, da busassun magudanai. Hotunan taurarin ɗan Adam sun nuna cewa daga shekarun 1990 tafkin ya daina ƙanƙancewa, har ya ɗan maido jiki, sai dai cikarsa da janyewarsa sun zama ba tabbas, ta yadda masunci da manomi da makiyayi ba su san inda baki zai tsaya baɗi ba. An daɗe ana maganar haƙa magudana mai tsawon kilomita 2,400 don jawo ruwa daga yankin kogin Kwango, an ma yi babban taro a kanta a Abuja a 2018, amma kuɗinta da gardamar ƙasashen da ruwan ke hannunsu sun tsai da ita a takarda. A gefe guda, Cibiyar Binciken Tafkin Chadi da aka kafa a Maiduguri a 1975 ta fitar da gero mai nuna da wuri irin su SOSAT, da alkama mai jure zafi. Irin wannan aiki ba ya cika shiga kanun labarai, amma shi ke cika mudu.

LAFIYA

A fagen lafiya ne Borno ta shiga tarihin duniya. Yara huɗu da aka samu a Gwoza da Jere da Monguno a 2016 su ne na ƙarshe da asalin ƙwayar cutar shan-inna ta kama a Nijeriya. Masu allurar rigakafi, yawancinsu mata, suka bi sansanonin 'yan gudun hijira da tashoshin mota da kasuwanni suna ɗiga wa yara magani, wasu ma sun rasa rayukansu a kan aikin. Ɗakin binciken shan-inna na asibitin koyarwa na Maiduguri, ɗaya daga cikin biyu a ƙasar nan tare da na Ibadan, shi ke auna samfurin da ake kawowa. Ran 25 ga watan Agusta 2020 aka ba da sanarwar cewa Afirka ta rabu da asalin cutar. Duk da haka akwai wani reshe nata da kan ɓulla a inda yara da yawa ba su sami rigakafi ba, abin da ya sa aka fito da sabon maganin ɗigawa wanda Nijeriya ce ta fara amfani da shi a watan Maris 2021.

A 2024 kuma Nijeriya ta zama ƙasa ta farko a duniya da ta fara yin sabuwar allurar sanƙarau mai kare mutum daga iri biyar na ƙwayar cutar. A watan Disamba na wannan shekara aka fara yi wa yara allurar zazzaɓin cizon sauro a jihohin Kebbi da Bayelsa, bayan masana sun shafe shekaru gommai suna nemanta. Wannan ba ƙaramin abu ba ne ga ƙasar da ke ɗauke da fiye da kashi ɗaya cikin huɗu na masu zazzaɓin a duniya. Amma allurar tana rage cutar ne kawai, gidan sauro da magani suna nan a matsayinsu. Ga kuma wani baƙon sauro ɗan asalin Asiya, mai son hayayyafa a tankuna da randunan birni, wanda aka gano a Jihar Gombe a 2020.

Akwai kuma haɗarin da ke tashe a cikin kasuwa ita kanta, watau kafso da ake saye ƙwaya biyu ko uku a tire a haɗiye ba da awon likita ba. Irin wannan sha yana koya wa ƙwayoyin cuta jure magani. Wani babban bincike ya ƙiyasta cewa a 2019 kaɗai mutane miliyan 1.27 suka mutu a duniya saboda maganin da a da yake ci ya daina ci.

CIWON ƘODA

Babbar tambayar da likitocin wannan yanki ke fama da ita ita ce ta ciwon ƙoda. Shekara da shekaru ana ganin yawansa a Borno da Yobe, musamman garuruwan bakin kogin Yobe irin su Gashuwa, kuma sau da yawa yakan kama mutumin da ba shi da ciwon sukari ko hawan jini, waɗanda su ne aka sani da kashe ƙoda. Ana tuhumar aiki cikin zafin rana ba tare da isasshen ruwan sha ba, ana tuhumar ƙarafa masu guba a ruwan rijiya, da magungunan feshi na gona, da yawan shan maganin ciwon jiki da jiƙe-jiƙe. An ga irin wannan ciwo ga masu yankan rake a Amurka ta Tsakiya da manoman shinkafa a Sri Lanka, can ma masana ba su tsai da magana ɗaya ba. Asibitin koyarwa na Maiduguri, wanda ya yi dashen ƙoda na farko a 2010, yana bin sawun al'amarin, haka ma cibiyar binciken da Farfesa Mahmoud Bukar Maina ya kafa a Jami'ar Jihar Yobe a Damaturu.

A Amurka, a watan Maris 2024, likitocin birnin Boston suka dasa wa wani mutum mai rai ƙodar dabba wadda aka gyara wa halitta, ya kuma yi kimanin wata biyu da ita kafin ya rasu. A ƙarshen 2023 Ingila da Amurka suka amince da maganin amosanin jini, watau sikila, wanda ke gyara ƙwayar halittar majiyyaci, amma kuɗinsa dala miliyan 2.2 ne ga mutum guda, alhali a Nijeriya ake haifar jarirai kimanin 150,000 da ciwon kowace shekara. Ga ɗan kasuwar da ke bukatar wankin ƙoda sau 2 ko 3 a mako, labarin da ya fi masa amfani shi ne sanarwar Gwamnatin Tarayya ta 2025 cewa an rage kuɗin wanki ɗaya daga Naira 50,000 zuwa 12,000 a wasu asibitocinta. Ko hakan ma, a lissafa shi a shekara a ga ko jarin rumfa zai ɗauka.

ABIN DA YA RAGE

Idan aka duba duka waɗannan, za a ga matsalolin sun kasu gida uku. Akwai waɗanda masana ba su gano kansu ba tukuna, kamar sanadin ciwon ƙodar nan da halin da Tafkin Chadi zai shiga nan gaba. Akwai waɗanda aka gano maganinsu amma tsada ta hana shi isowa, kamar na sikila. Akwai kuma waɗanda maganinsu yana nan a hannu, ba tsada, sakaci ne kawai ya tare hanya: wayar lantarki mai kyau, buhun ajiyar wake, duba madatsa kafin damina, da kai yaro rigakafi. Kashi na ukun nan shi ya fi cin dukiya da rayuka, kuma shi ya fi sauƙin gyara.

Maiduguri ba ta rasa masu ilmi ba. Tana da jami'a tun 1975, tana da Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Ramat, kuma Farfesa Babagana Umara Zulum, wanda gobarar da ambaliyar suka faru a zamanin mulkinsa, shi kansa injiniyan aikin gona ne. Abin da ake bukata shi ne a ba masu bincike kuɗin aiki da wutar da ba ta yankewa, don kada su bi sahun 'yan'uwansu da suka tafi ƙasashen waje, a kuma ware kuɗin gyara a kasafin kowace shekara kamar yadda ake ware na sabon gini. Su ma shugabannin 'yan kasuwa suna da nasu rabon, domin su ne za su hana a jona waya barkatai ko a kafa rumfa a kan hanyar motar kashe gobara.

Ba a fafe gora ranar tafiya. Damina za ta sake zuwa, hunturu ma zai zo da iskarsa mai hura wuta. Allah Ya kiyaye gaba, Ya mayar wa waɗanda suka yi hasara da mafificin alheri.